Giɓi Ba Sifili Ba Ne: Nazarin Yadda Ake Tafiyar da Adadin da Ya Ɓace a Lissafin Kwamfuta, da Misalai Daga Gwarzo da Kabo

Tsakure

Manazarta Hausa da dama a yau suna zuba bayanan da suka tattaro a cikin jadawalin kwamfuta, sannan su bar wa manhaja aikin fitar da jimla da matsakaici da kaso cikin ɗari. Sai dai da wuya mai bincike ya dawo daga fage ba tare da gurbin da ba a cike ba. Wannan maƙala ta nazarci yadda manhajoji da harsunan kwamfuta irin su Excel da R da Python da SQL da Stata suke ɗaukar irin wannan gurbi, da yadda hukuncin da suke yankewa a ɓoye yake sauya sakamakon bincike. An gina bayanin a kan misalan koyarwa da aka tsara bisa yanayin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Maƙalar ta nuna cewa amsar “babu” da ake ji a fagen bincike tana ɗauke da ma’anoni aƙalla huɗu, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu ta cancanci a rubuta mata sifili. Daga ƙarshe an ba da shawarar a riƙa rubuta dalilin kowane giɓi tun daga fage, a kuma bayyana yawan giɓin a duk inda aka kawo sakamako.

Fitilun Kalmomi: Giɓi, Sifili, Manhaja, Matsakaici, Gwarzo, Kabo

1.0 Gabatarwa

Kundayen digiri da maƙalun da ake rubutawa a sassan nazarin Hausa sun fara cika da alƙaluma. Mai nazarin karin harshe yana ƙirga sau nawa aka furta wata kalma, mai nazarin al’ada yana raba takardun tambayoyi, mai nazarin sana’o’i yana bin farashi a kasuwanni. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da wata matsala da ba a cika koyar da ita a darasin dabarun bincike ba. Matsalar ita ce: idan an tambayi mutum ɗari, tamanin suka amsa, me kwamfuta za ta yi da guraben ashirin da suka rage?

Kwamfuta ba ta tsayawa ta yi shawara da mai bincike. Kowace manhaja tana da hukuncin da waɗanda suka tsara ta suka ɗora mata: wata ta mayar da gurbin sifili, wata ta tsallake shi, wata ta ƙi yin lissafin baki ɗaya. Duk wanda bai san hukuncin manhajarsa ba, zai iya kare kundinsa a gaban malamai da adadin da bai taɓa faruwa a ƙasa ba, kuma shi kansa bai san haka ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace waɗannan hukunce-hukunce da harshen Hausa, tare da nuna hanyar da mai bincike zai karɓe ragamar yanke su da kansa.

1.1 Farfajiyar Nazari da Hanyar Gudanar da Shi

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo kuwa sama da 150,000. Noma da kiwo da kasuwanci su ne manyan sana’o’in yankin. Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Gwarzo ta nufi Dayi ita ce ta haɗa shi da Jihar Katsina. Garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a Gwarzo, da Garo da Gude da Durun a Kabo, wurare ne da ɗaliban jami’a kan iya zaɓa domin binciken fage.

Alƙaluman farashi da na furuci da za a gani a ƙasa, an tsara su ne domin koyarwa, yadda mai karatu zai iya bin lissafin da biro da takarda. Bayanin halayen manhajoji kuwa, kowa na iya gwada shi a kwamfutarsa. A cikin maƙalar, “giɓi” na nufin gurbin da ya kamata a ga adadi amma ba a gan shi ba.

2.0 “Babu” Iri-Iri Ce

Kalmar “sifili” ta shigo Hausa daga Larabci, inda asalinta ke nufin abin da yake wayam. Wato tun a tushe, sunan sifili da sunan gurbin da ba kowa a cikinsa abu ɗaya ne. Masana lissafi na Indiya, musamman Brahmagupta a littafinsa na shekarar 628, su suka shimfiɗa ƙa’idojin da suka mayar da sifili adadi mai zaman kansa, wanda ake tarawa ana ɗebewa. Tun daga nan sifili ya zama labari tabbatacce: an duba, an ƙirga, ba a sami ko ɗaya ba. Giɓi kuwa rashin labari ne.

A ɗauka ɗalibi ya je wani ƙauye a ƙasar Kabo yana tambayar magidanta adadin shanunsu. Zai iya komawa masauki da takardu huɗu da ya rubuta wa “babu”, alhali abin da ya faru a gidajen huɗu ya sha bamban:

i. Babu ta haƙiƙa. Maigidan ya ce ba shi da saniya ko ɗaya. Wannan sifili ne.

ii. Ba a sani ba. An tarar maigidan ya tafi kasuwa, ɗansa ya ce bai san adadin ba. Adadin yana nan, bai iso takarda ba ne kawai.

iii. Bai shafe shi ba. Tambaya ta gaba ita ce kuɗin da aka kashe wa kowace saniya a shekara. Ga wanda ba shi da saniya, wannan tambaya ba ta da amsa, ko da sifili.

iv. An ƙi faɗa. Ɗalibin ya ce, “Baba, shanun nawa ne a garken?” Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Alhamdu lillahi, yaro, akwai na rufin asiri.”

Bahaushe yana rarrabe waɗannan a magana ba tare da wahala ba. Wanda ya ce “ba ni da shi” da wanda ya ce “ban sani ba” ba su faɗi abu ɗaya ba. Takardar tambaya da jadawalin kwamfuta su ne suke murƙushe su wuri ɗaya. Manyan hukumomin tattara bayanai sun daɗe da gane haka. A rumbun bayanan Binciken Al’umma da Lafiya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa a Nijeriya, lamba irin 98 tana nufin an ce ba a sani ba, 99 tana nufin ba a rubuta amsa ba, gurbin da aka bari wayam kuwa yana nufin tambayar ba ta shafi mutumin ba. Haka kuma Edgar Codd, wanda ya kawo tsarin rumbun bayanai mai jadawali a shekarar 1970, daga baya ya nemi a ware alamomi biyu: ɗaya ta abin da yake akwai amma ba a san shi ba, ɗaya ta abin da bai shafi mai shi ba. Harshen SQL bai karɓi wannan shawara ba, ya tsaya a kan alama ɗaya tak, wato NULL.

3.0 Yadda Manhajoji Suke Ɗaukar Giɓi

3.1 Alamomin Giɓi

Alamomi uku ne mai bincike zai fi cin karo da su. Ta farko ita ce NaN, gajartawar wata jimlar Ingilishi mai ma’anar “wannan ba adadi ba ne”. Ta samu gindin zama ne a ƙa’idar IEEE 754 ta shekarar 1985, wadda William Kahan na Jami’ar Kalifoniya ya kasance jigo wajen tsara ta. Halinta shi ne yaɗuwa: duk adadin da aka tara da NaN, sakamakon NaN ne. Wani abin mamaki kuma, ba ta daidai da kanta. Idan aka tambayi kwamfuta ko NaN daidai take da NaN, za ta ce a’a. Saboda haka ba a gano ta da alamar daidai, sai da umarni na musamman.

Ta biyu ita ce NULL ta harshen SQL, wadda take mayar da amsar tambaya gida uku: e, da a’a, da “ba a sani ba”. Ta uku ita ce NA ta harshen R, wanda masana ƙididdiga suka tsara, suka kuma bambanta ta da NaN. Akwai kuma dangin waɗannan a sauran harsuna, kamar None a Python da null a JavaScript. Tony Hoare, wanda ya shigar da irin wannan alama cikin harshen ALGOL W a shekarar 1965, ya fito a wani taro a Landan a shekarar 2009 ya amsa cewa kuskure ya yi, yana mai ƙiyasta asarar da abin ya jawo da dala biliyan guda.

3.2 Misali Daga Kasuwa

A ɗauka wata ɗaliba tana bin farashin tiyar gero a kasuwar Getso na tsawon makonni shida a cikin damina. Ga abin da littafinta ya ƙunsa:

| Mako | 1 | 2 | 3 | 4 | 5 | 6 |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Farashi a naira | 2,000 | 2,200 | giɓi | 2,400 | giɓi | 2,600 |

Jimlar abin da aka rubuta naira 9,200 ce. Matsakaicin farashi kuwa ya danganta da abin da aka yi wa guraben biyu. Idan an zuba musu sifili, za a raba 9,200 gida shida, a sami kimanin 1,533. Wannan adadi ya gaza farashi mafi araha da ɗalibar ta gani da idonta, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa lissafin ya ɓaci. Idan an tsallake su, za a raba gida huɗu, a sami 2,300. Idan kuwa ta sa 999 a matsayin alamar giɓi ta manta ba ta sanar da manhaja ba, za a tara su kamar farashin gaske, a sami kimanin 1,866. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin yana kama da gaskiya.

3.3 Hukuncin Kowace Manhaja

| Manhaja | Abin da take yi idan ba a ba ta umarni ba |
|---|---|
| Excel | Umarnin AVERAGE yana tsallake gurbin da yake wayam, amma idan aka tara gurbi da gurbi da alamar tarawa, sai a ɗauki wayam a matsayin sifili |
| R | Amsar matsakaici NA ce, sai an ƙara sharaɗin na.rm = TRUE |
| Python tsantsa | Tara None da adadi yana tsayar da aiki da saƙon kuskure |
| pandas | Tana tsallake giɓi ba tare da sanarwa ba |
| SQL | SUM da AVG suna tsallake NULL, amma adadi da aka tara da NULL yana zama NULL |
| Stata | Tana ɗaukar giɓi a matsayin wanda ya fi kowane adadi girma wajen kwatantawa |
| JavaScript | null da 5 suna ba da 5, undefined da 5 suna ba da NaN |

Abubuwa biyu sun cancanci ƙarin haske. Na farko, idan duk guraben giɓi ne, pandas tana ba da jimla sifili, SQL kuwa NULL. Wato ƙauyen da ba a taɓa zuwa ba zai iya fitowa a rahoto a matsayin ƙauyen da ba shi da ko akuya. Na biyu, halin Stata yana nufin idan mai bincike ya nemi a ware masa waɗanda suka haura shekara 60, duk wanda ba a rubuta shekarunsa ba zai faɗa cikin dattawa, ko da matashi ne.

Wannan matsala ba ta tsaya a kan ɗalibai ba. Manhajar DHIS2, wadda Jami’ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina ta, ita ce rumbun da rahoton wata-wata na asibitoci da ɗakunan shan magani na Nijeriya yake shiga, har da na Gwarzo da Kabo. A tsarinta, ba a ajiye sifili sai an kunna wa abin da ake ƙirgawa wannan zaɓi. Inda ba a kunna ba, asibitin da bai ga mai ƙyanda ko ɗaya ba a watan, da wanda ya bar gurbin bai cike ba, kamanninsu ɗaya a allo.

4.0 Sanadin Giɓi

Sanin halin manhaja rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da ya haifar da giɓin. Donald Rubin, a maƙalarsa ta shekarar 1976 da kuma littafin da suka wallafa tare da Roderick Little a 1987, ya kafa rabe-raben da masana ƙididdiga suke bi har yau. Maƙalar nan ta ba su sunaye kamar haka:

Giɓin tsautsayi. Wanda ba shi da alaƙa da komai a cikin binciken, kamar a ce ruwa ya jiƙa wasu takardu a kan babur. Tsallake shi yana rage yawan bayanai, amma ba ya karkatar da sakamako.

Giɓi mai bayyanannen sanadi. Wanda wani abu da aka riga aka rubuta yake bayyana shi. Misali, idan ɗalibi namiji ne yake tambaya, zai fi samun giɓi a amsoshin matan aure da ke cikin gida, domin bai isa ya shiga ba. Tun da an san jinsin kowa, ana iya gyara lissafin da wannan sani.

Giɓi mai ɓoyayyen sanadi. Wanda adadin da ya ɓace shi ne da kansa dalilin ɓacewar. Dattijon da ya ce akwai na rufin asiri, mai yiwuwa yawan shanun ne ya sa ya kauce. Al’ummar da ta daɗe tana biyan jangali, har zuwa lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a Jihar Kano, ba abin mamaki ba ne ta riƙa ɗari-ɗari da baƙo mai biro yana ƙirga dabbobi. Idan manyan makiyaya ne suka fi yin shiru, matsakaicin waɗanda suka amsa zai yi ƙasa da gaskiya komai yawansu. Haka kunyar ɗan fari kan sa uwa ta kauce wa ambatonsa idan ana lissafa ’ya’ya. A nan ne ilimin manazarcin al’ada ya fi na manhaja amfani, domin shi ya san cewa shiru ma magana ce.

A koma kan ɗalibar Getso. A ce a mako na uku rashin lafiya ne ya hana ta zuwa, a mako na biyar kuwa ta je ta tarar gero bai shigo kasuwa ba sam. Giɓin farko tsautsayi ne. Na biyu kuwa alama ce ta ƙarancin hatsi, irin lokacin da farashi kan fi tashi. Bugu da ƙari, idan tana da wani layi na adadin buhunan da suka shigo, mako na biyar sifili ne na haƙiƙa a wannan layi, amma giɓi ne a layin farashi. Mako na uku kuwa giɓi ne a duka biyun. Manhaja ba ta da hanyar sanin wannan, sai abin da ɗalibar ta rubuta.

5.0 Giɓi a Nazarin Harshe

5.1 Sifili a Raba da Sifili

Tun a ƙarshen shekarun 1920 August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe a ƙarshen gaɓa suke komawa wasali a Hausa. Daga cikin abin da ake kawowa misali akwai “zauna” da “sauka” na Kananci, waɗanda karorin yamma suka riƙe a matsayin “zamna” da “sabka”. Kasancewar Gwarzo a kan iyakar Katsina zai iya jan hankalin mai bincike ya auna wane furuci ya fi yawa a bakin mutanen yankin. A ɗauka ya naɗi hirar mutum biyar, ya sami wannan:

| Mai magana | “zamna” | Jimlar furuci biyun | Kaso |
|---|---|---|---|
| Na ɗaya | 2 | 10 | 20 |
| Na biyu | 6 | 10 | 60 |
| Na uku | 0 | 8 | 0 |
| Na huɗu | 0 | 0 | giɓi |
| Na biyar | 4 | 10 | 40 |

Na uku ya sami dama sau takwas, kowane karo “zauna” ya ce. Sifilinsa shaida ce. Na huɗu kuwa hirarsa ba ta biyo ta kan kalmar ba ko sau ɗaya, don haka kasonsa sifili ne a raba da sifili, abin da R ke nuna wa da NaN, Excel kuma da saƙon kuskure. Da yawa kan ga wannan saƙo ya ɓata musu jadawali, sai su goge shi su rubuta sifili. Da zarar an yi haka, matsakaicin kaso ya sauko daga 30 zuwa 24, an kuma ƙaƙaba wa mutum Kananci bisa maganar da bai yi ba.

5.2 Giɓin Ƙarya: Kalmar “nan”

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu aiki da matanin Hausa. Idan pandas tana karanta jadawali, tana da jerin rubuce-rubucen da take ɗauka alamar giɓi ne kai tsaye. A cikin jerin akwai “NA” da “null” da kuma “nan” da ƙananan baƙaƙe. Ita kuwa “nan” tana cikin kalmomin da Bahaushe ba ya rabuwa da su: nan gaba, yaron nan, daga nan. Saboda haka wanda ya jera kalmomin wani littafi ko waƙa a layi domin ya ƙirga su, zai wayi gari “nan” ta zama giɓi. Da yake umarnin ƙirga na pandas yana watsar da giɓi, kalmar za ta ɓace daga sakamako, jimlar kalmomi ta ragu, kason kowace kalma kuma ya ɗan ƙaru. Haka “na” za ta iya ɓacewa idan an rubuta ta da manyan baƙaƙe, kamar a kanun labarai, kuma wannan ya shafi R ma. Maganinsa a pandas shi ne a sa sharaɗin keep_default_na=False lokacin karanta jadawalin, sannan mai bincike ya faɗi alamar giɓin da shi ya zaɓa.

6.0 Hanyoyin Tunkarar Giɓi

6.1 Zubar da Takardar da ke da Giɓi

Ita ce hanya mafi sauƙi, kuma manhajoji da dama ita suke bi a ɓoye. Tsadarta ta fi yadda ake zato. Idan takarda tana da tambaya goma, kowace tambaya kuma mutum biyar cikin ɗari suka tsallake ta ba tare da alaƙa da juna ba, takardun da za su fito cikakku kimanin 60 ne cikin ɗari. Hanyar ba ta da aibi idan giɓin na tsautsayi ne kuma kaɗan ne.

6.2 Cikewa da Matsakaici

Wasu kan ce da babu gara ba daɗi, sai su zuba matsakaici a kowane gurbi. A misalin gero, zuba 2,300 a makonni biyun ba zai taɓa matsakaici ba, amma zai rage ma’aunin tazarar farashi daga kimanin 258 zuwa 200. Kasuwar za ta bayyana a natse fiye da yadda take, mai bincike kuma ya riƙa magana da tabbacin da bai mallaka ba.

6.3 Cikewa Sau da Yawa

Rubin ya gabatar da wata dabara wadda a cikinta ake ƙiyasta giɓin daga sauran bayanai, ba sau ɗaya ba, a samar da jadawali da dama masu ɗan bambanci, a yi lissafi a kan kowanne, sannan a haɗa sakamakon. Bambancin da ke tsakaninsu shi yake nuna girman rashin tabbas. Akwai kayan aikin wannan a R, irin su mice. Dabarar ta dace da giɓi mai bayyanannen sanadi, amma ba ta warkar da mai ɓoyayyen sanadi.

6.4 Kafa Iyaka Biyu

Inda ake zargin sanadin a ɓoye yake, abin da ya fi aminci shi ne a lissafa mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da zai iya kasancewa. A ce an tambayi gida 100 ko suna sa ’ya’yansu mata a makarantar boko, 45 suka ce e, 15 suka ce a’a, 40 ba su amsa ba. Wanda ya tsallake giɓi zai ce kashi 75 ne. Abin da bayanan suka tabbatar kuwa shi ne adadin yana tsakanin 45 da 85. Idan hujjar mai bincike ta tsaya a duka iyakokin biyu, giɓin bai cutar da ita ba. Idan ta faɗi a ɗaya, sai a koma fage.

Mutanen Kano sun ga wannan ƙa’ida a aikace. A zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris, 2019, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta ce zaɓen bai kammala ba, saboda tazarar ƙuri’u 26,655 da ke tsakanin ’yan takara biyu na gaba ba ta kai adadin masu zaɓe na rumfunan da aka soke ba, wanda ya haura 100,000. An sake zaɓe a wuraren ranar 23 ga watan. Muhawarar siyasar da ta biyo baya ba hurumin wannan maƙala ba ce. Abin lura shi ne tsarin lissafin: ba a ɗauki rumfar da aka soke a matsayin wadda ta ba kowa sifili ba, an auna girman giɓin ne da girman tazarar.

7.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa jadawali ɗaya yana iya ba da amsoshi mabambanta gwargwadon manhajar da aka sa shi, kuma babu ɗaya daga cikin manhajojin da take tambayar dalilin giɓi. Ya kuma nuna cewa dalilin yana hannun wanda ya je fage, kuma idan bai rubuta shi a ranar ba, ya tafi ke nan. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari:

i. Kowace tambaya mai neman adadi ta kasance da layi na biyu na dalilin giɓi, da kalmomi ƙayyadaddu: “ba a sani ba”, “bai shafe shi ba”, “an ƙi faɗa”, “ba a tambaya ba”.

ii. Kada a rubuta sifili sai inda aka ƙirga aka tarar babu. Kada kuma a sa 99 ko 999 a layin adadi sai an sanar da manhaja ma’anarsu.

iii. Kafin kowane lissafi, a ƙirga giɓin kowane layi, a duba mafi ƙanƙanta da mafi girman adadi. Matsakaicin da ya faɗo ƙasa da duk abin da aka gani a fage alama ce ta ɓaraka.

iv. A ajiye jadawalin asali yadda yake, duk gyara a yi shi a kan kwafi, a kuma rubuta abin da aka gyara.

v. Duk inda aka kawo kaso ko matsakaici a kundi, a faɗi mutum nawa suka amsa da mutum nawa ba su amsa ba. Masu duba kundi da editocin mujallu su riƙa neman wannan.

vi. Cibiyoyin nazarin harsuna su duba kalmomin da aka gwada a nan, su gyara ko su tabbatar da su, domin a samu daidaitattun kalmomin fannu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi giɓi tun daga zauren dattijon da ya kauce wa tambaya har zuwa cikin manhajar da ta yanke masa hukunci. An ga cewa amsar “babu” ta kasu huɗu, an ga yadda Excel da R da pandas da SQL da Stata suka saɓa wa juna, an kuma ga yadda kalmar Hausa tsantsa irin “nan” take iya salwanta a hanya. Babu wata dabara guda da ta dace da kowane giɓi, domin zaɓin ya rataya ne a kan sanadi, sanadin kuma sai wanda ya san mutanen da al’adarsu yake iya gane shi. Wannan dama ce ga manazarcin Hausa, tun da harshen da yake nazarta ya riga ya bambanta “ba ni da shi” da “ban sani ba”. Abin da ya rage masa shi ne ya kai wannan bambanci cikin jadawalinsa, ya kuma faɗa wa mai karatu gurbi nawa ya dawo da su wayam daga Getso ko Garo.